Tafiya Wasan Golf a Ƙetare a Watan Maris da Farkon Afrilu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yanayi

Duk wanda ya yi niyyar ɗaukar jakar sandunansa ya tsallaka wata ƙasa a ƙarshen hunturu, abin da yake fara tambaya shi ne digiri nawa ake samu a can. Tambayar ba laifi, amma ba ita kaɗai ke nuna ko mutum zai ji daɗin wasan ba. A watan Maris da makonnin farko na Afrilu, ƙarfin iska, irin ƙasar da aka shimfiɗa filin a kanta, da kuma ƙarfe nawa za ka fara bugu, duk sun fi ma'aunin zafi tasiri. Alƙaluman zafi da ke ƙasa na ma'aunin Salshiyos ne, kuma matsakaici ne na shekaru masu yawa.

Me ya sa yanayin wannan lokaci ba ya tsayawa wuri guda?

Saboda rana ta fara ƙarfi, amma teku da ƙasa ba su ɗumama ba tukuna. Wajen 20 ga Maris dare da yini suke daidaita, daga nan yini ya riƙa tsawo a arewacin duniya. Ruwan teku kuwa yana da nawa wajen ɗaukar zafi. A kewayen Birtaniya da Ailan, ƙarshen Fabrairu zuwa Maris ne tekun ya fi sanyi a duk shekara. Iskar arewa mai sanyi ba ta gama janyewa ba, ta kudu mai ɗumi ta fara turowa, inda suka yi karo nan hadari yake haɗuwa.

Akwai kuma wata igiyar iska mai gudun gaske a can sama, kimanin kilomita 10 daga doron ƙasa, wadda ke jan guguwar Tekun Atlantika zuwa Turai. Idan ta bi ta arewa, Sukotlan da Ailan ne ke shan ruwa, Fotugal da Sifaniya su sha rana. Idan ta karkato kudu sai labari ya juye. Haka aka gani a Maris na 2025: guguwa na bin guguwa a Fotugal da Sifaniya, alhali Birtaniya tana cikin rana da ƙarancin ruwa. Wanda ya gudu daga Ingila zuwa kudu a watan nan don neman rana, da ya zauna a gida da ya fi samunta. Shi ya sa matsakaicin lissafi na wata ba alƙawari ba ne game da makon da kai za ka je.

Idan rana da ɗumi nake so ba tare da caca ba, ina zan nufa?

Wuraren hamada. A Dubai da Abu Dhabi zafin rana a Maris yana kai wa 28 zuwa 29, a Afrilu ya haura 32. A Phoenix da Scottsdale na jihar Arizona ana samun kusan 25 da rana, 11 ko 12 da dare, ga bushewar iska. Bayansu sai kudancin tsibiran Kanari, wato Tenerife da Gran Canaria, inda ake zama a 21 zuwa 22 kusan kullum, da Agadir na Maroko mai kusan haka. Marrakesh tana ɗan fin su zafi da rana amma safiyarta da sanyi, don tana gindin duwatsun Atlas da har lokacin suke da dusar ƙanƙara a kai.

Ko hamadar ma tana da ranarta. A 16 ga Afrilu 2024 aka yi ruwan da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba ta ga irinsa ba tun da aka fara ajiye lissafi a 1949, har filin jirgin Dubai ya cika da ruwa. Amma wannan abu ne da ba a saba gani ba. Abin da ya fi damun ɗan wasa a can shi ne iskar shamal mai tasowa daga arewa maso yamma da ƙura.

Algarve, Costa del Sol ko Belek: wanne ya fi a Maris?

A ma'aunin zafi kusan jirgi ɗaya ya kwaso su. Faro a Algarve na Fotugal tana kai wa 18 zuwa 19 da rana, Malaga a Costa del Sol na Sifaniya 19 zuwa 20, Antalya da Belek na Turkiyya kusan 18. Da dare duka suna sauka zuwa tsakanin 8 da 11. Bambancin yana wajen ruwa da iska.

Belek tana da hunturu mai ruwa sosai. A Disamba da Janairu ruwan wata guda yakan haura milimita 200, a Maris ya ragu zuwa kusan 100, a Afrilu ya sake rabewa biyu. Don haka duk makon da ka jinkirta tafiya Turkiyya riba ce. Abin da ke ceton Belek shi ne yawancin filayenta a kan yashi suke cikin dajin itatuwa, ruwa ba ya kwana a kansu.

Algarve tana fuskantar Atlantika, kuma yammacinta, wajen Lagos da Sagres, ya fi tsakiya da gabas iska. Vilamoura, Quinta do Lago da Vale do Lobo suna samun kariyar bishiyoyi. A Costa del Sol kuwa, gwargwadon kusantarka da mashigar Jibralta gwargwadon iska da ruwan da za ka samu. Yankin Sotogrande, inda filin Valderrama yake wanda ya karɓi gasar Ryder a 1997, yana tsakanin iskoki biyu: Levante daga gabas mai ɗauke da laima da gajimare, da Poniente daga yamma mai wanke sama. Wanda ruwa ne babban abin tsoronsa sai ya matsa gabas zuwa Murcia ko Almeriya. Almeriya na cikin wurare mafi bushewa a duk Turai, ruwanta na shekara bai wuce milimita 200 da wani abu ba.

A ganina, ga farkon Maris, kudu maso gabashin Sifaniya ya fi aminci. Daga tsakiyar Afrilu kuwa ukun nan duk wanda ka ɗauka ba ka yi asara ba.

Ashe ba wauta ba ce mutum ya je Sukotlan ko Ailan a Maris?

Ba wauta ba ce, in dai ya san abin da ya je nema. A St Andrews zafin rana a Maris kusan 8 zuwa 9 ne, da dare 2. A Afrilu ya kai 11. Sanyi ne na gaske, musamman in iska ta haɗu da shi. Amma akwai abu biyu da mutane ba su cika lura da su ba.

Na farko, gabashin Sukotlan ba shi da yawan ruwa kamar yadda ake zato. Gajimaren Atlantika yana sauke kayansa a duwatsun yamma kafin ya iso. St Andrews tana samun kusan milimita 700 a shekara, Glasgow fiye da 1,000, wasu sassan tsaunukan yamma ninki uku na St Andrews. Kuma Maris da Afrilu suna cikin watanni mafi ƙarancin ruwa a gabashin. Saboda haka Fife, East Lothian da Angus, inda Carnoustie take, sun fi Ayrshire ta yammacin Sukotlan da yammacin Ailan dacewa da wannan lokaci.

Na biyu, filayen gaɓar teku da ake kira linkis a kan tudun yashi suke. A yi ruwa da safe, da rana ka taka ƙasa a bushe. Filin cikin ƙasa mai laka kuwa, ko da nisansa daga can bai wuce tafiyar minti 20 ba, yana iya zama taɓo har takalmi ya nutse, ko a rufe shi ɗungurungum. Iskar teku tana kuma rage daskarewar raɓa. Idan za ka je arewa a Maris, kada ka sa filin laka ko ɗaya a jerinka.

Yammacin Ailan, wato Lahinch, Ballybunion da Waterville, ya ɗan fi ɗumi, kusan 10, amma shi ne ke fara karɓar duk abin da teku ya turo. A Lahinch akwai awaki da ke kiwo a filin, kuma tsohon zance ne a can cewa in ka gan su sun taru a gindin ginin kulob to ka nemi rigar ruwa, in sun bazu cikin tuddai to sama lafiya. Dusar ƙanƙara ma ba a cire ta daga lissafi ba: ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 2018 iskar Saberiya ta rufe filayen Birtaniya da Ailan na kwanaki.

Filin zai kasance a cikakken shirinsa kuwa?

Ba koyaushe ba, kuma wannan ita ce tambayar da ya kamata ka yi wa masu filin kafin ka biya. A tsohon filin St Andrews, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris ana ba kowa 'yar tabarmar roba ya ɗora ƙwallo a kai kafin ya buga daga feyawe, wato tsakiyar filin da ake aske wa ciyawa, don kada a fasa ƙasa a lokacin da ciyawa ba ta tsiro. Wani ba ya damuwa da haka, wani kuma yana ganin an rage masa rabin abin da ya zo dominsa. Wasu filayen, kamar Kingsbarns, rufe su ake yi a hunturu sai bazara ta kama. Wasu suna matso da wurin bugun farko gaba, ko su rufe kwarin yashi da ake gyarawa, ko su haƙa ramin wucin gadi a wajen girin, wato shimfiɗar gajeriyar ciyawa da ke kewaye da rami. Ka tuna kuma tsohon filin St Andrews ba a wasa a kansa ranar Lahadi, sai in gasa ake yi.

Me ake nufi da an ɗage wasa saboda daskararriyar raɓa, bayan ga rana ta fito?

Ganyen ciyawa yawancinsa ruwa ne. Idan ya daskare aka taka shi, ƙwayoyin cikinsa fashewa suke yi. A lokacin ba a ganin komai, sai bayan kwana biyu ko uku sawun ƙafa ya fito baƙi ko ruwan ƙasa a kan girin, kuma yana iya ɗaukar makonni bai farfaɗo ba. Shi ya sa mai kula da fili ba ya sauraron roƙon kowa a kan wannan.

Ba sai ma'auni ya nuna sifili ba. Ana auna zafin iska ne sama da ƙasa da fiye da mita ɗaya, ciyawa kuwa ta fi haka sanyi, don haka ko an ce 2 ko 3 raɓa tana iya daskarewa. Daren da sama ta washe, ba gajimare ba iska, shi ne ke kawo ta. Wato safiyar da ta fi kyau a ido ita ce aka fi jira. Jiran yakan kai awa ɗaya zuwa biyu, kuma duk wanda ke bayan layi sai an tura shi baya. Ana samun haka a Birtaniya, a jihohin Karolina na Amurka, har ma jefi-jefi a hamadar Arizona a farkon Maris.

To ƙarfe nawa ya fi kyau in fara bugu?

A ƙasashe masu sanyi, tsakanin 10 na safe da 12 na rana. Raɓa ta narke, kuma da sauran haske. Ramuka 18 suna cin awa 4 zuwa 4 da rabi ga mutum huɗu. A St Andrews ranar 1 ga Maris rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 6 na yamma, hasken yini bai cika awa 11 ba. Zuwa tsakiyar Afrilu ya haura awa 14, rana ba ta faɗuwa sai bayan 8. Mai son zagaye biyu a rana ɗaya sai ya jira a tura agogo gaba, abin da Turai ke yi a Lahadin ƙarshe ta Maris, Amurka kuma a Lahadi ta biyu. Phoenix da Turkiyya ba sa taɓa agogonsu. Idan daren sauyin ya faɗo cikin tafiyarka, ka duba agogo da kyau, don wanda ya makara awa guda ba a riƙe masa wuri.

A gaɓar Bahar Rum da Atlantika ta kudu, 9 zuwa 10 ya yi, kafin iskar teku ta tashi da azahar. A Dubai daga Afrilu sammako ya fi, ko kuma a buga da dare ƙarƙashin fitilu, kamar yadda ake yi a filin Faldo na kulob ɗin Emirates.

Wane ƙarfin iska ne ke ɓata wasa?

Ƙasa da kilomita 15 a awa ba abin damuwa ba ne. Daga 25 zuwa 35 wasa ya zama aiki, kuma wannan shi ne abincin yau da kullum a filayen linkis. Idan bugun iska, wato ƙarfin da take yi farat ɗaya, ya haura 55 zuwa 60, ƙwallo takan fara motsi da kanta a kan girin. Ko a watan Yuli, a gasar Open ta 2015 a St Andrews, iska ce ta tsayar da wasa ranar Asabar har aka kammala ranar Litinin.

Ƙa'idar da 'yan wasa suka saba bi ita ce ƙarin sanda ɗaya, wato ɗaukar ta gaba mai kai ƙwallo nesa, ga kowane kilomita 16 a awa na iskar gaba. Iskar gaba tana cutarwa kusan ninki biyu na taimakon da iskar baya ke yi, don haka kada ka ɗauka abin da ka rasa a tafiya za ka same shi a dawowa. Babban kuskure shi ne ƙara ƙarfi. Bugu da ƙarfi yana ƙara wa ƙwallo juyi, juyi ya ɗaga ta sama, iska ta kama ta ta dawo da ita. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza: ɗauki sanda mai tsawon zango, sassauta hannu, bar ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa ta gangara.

A hasashen yanayi, lambar bugun iska za ka duba, ba matsakaicin gudunta ba. Kuma digiri 9 da iskar kilomita 30 jiki yana jin sa kamar 5.

Da gaske ne ƙwallo ba ta tafiya nisa a sanyi?

Gaskiya ne. Iska mai digiri 5 ta fi mai digiri 25 kauri da kusan kashi 7 cikin 100, ƙwallo tana shan wahalar ratsa ta. Robar ƙwallon ma tana tauri. Ƙara da jikin da ya ƙage da riga uku a kai, da ƙasa mai laima da ba ta barin ƙwallo ta gangara, sai ka ga inda kake isa da sandar ƙarfe mai lamba 7 yanzu sai mai lamba 6, wani lokaci 5. Kada ka bar ƙwallaye su kwana a but ɗin mota. Sa ƙwallo a aljihu ba laifi, amma doka ta 4.2 ta hana a ɗumama ta da gangan da wani abin ɗumi.

Na ga hoton fili kore shar, na je na tarar da ciyawa ruwan ƙasa da ƙananan ramuka a girin. Me ya faru?

Abu biyu ne daban. Ramukan aikin gyara ne. Sau ɗaya ko biyu a shekara ana huda girin da inji a zaro ƙasa, a cika gurbin da yashi, don saiwa ta sha iska ruwa ya samu hanyar wucewa. Filaye da yawa a Birtaniya da arewacin Amurka suna yin haka a Maris ko Afrilu. In akwai ɗumi girin yakan warke cikin mako biyu, in ƙasa tana da sanyi ya fi haka daɗewa, kuma kafin nan ƙwallo tsalle take yi maimakon gangara. Ba kowane kamfanin shirya tafiya ke faɗin wannan da kansa ba. Rubuta wa filin kai tsaye ka tambayi ranakun gyaransu.

Launin kuwa na ciyawar Bamuda ne, wadda ake shukawa a wurare masu zafi. Da sanyi barci take yi ta koma ruwan ƙasa, ba mutuwa ta yi ba. Filayen Arizona da wasu na Fulorida da Karolina suna watsa irin wata ciyawa mai jure sanyi a kanta tun kaka don fili ya zauna kore. Inda aka watsa a feyawe kaɗai, za ka ga feyawe kore, gefensa kamar tattaka. Ana buga ƙwallo a kai lafiya lau.

Yaya kudu maso gabashin Amurka yake?

Fulorida tana cikin raninta: Orlando kusan 25 zuwa 26, ruwa kaɗan, hadarin la'asar na damina bai fara ba. Myrtle Beach da Pinehurst na jihohin Karolina kusan 17 zuwa 19, amma da hawa da sauka mai yawa, yau riga ɗaya gobe jaket. Abin lura shi ne layin iska mai sanyi da ke saukowa daga arewa kusan kowane mako, ya zo da tsawa da ruwa na yini guda, ya bar sanyi da iska a bayansa. Gasar Players ta 2022 a TPC Sawgrass, a tsakiyar Maris, haka ta sha ruwa da iska da sanyi har sai Litinin aka gama. A Augusta, a gasar Masters ta 2007, sanyi da iska sun sa Zach Johnson ya ci kofi da bugu 289, ɗaya sama da adadin bugun da aka ƙayyade wa filin. A ta 2023 iska ta kayar da bishiyoyi kusa da rami na 17. Maris da Afrilu kuma lokacin mahaukaciyar guguwa ne a wannan yanki, don haka ka bar wayarka tana karɓar gargaɗin gaggawa.

Hasashensu da ma'aunin Faranhait yake zuwa. Riƙe uku kawai: 32 sifili ne, 50 goma ne, 68 ashirin ne.

Idan na tsallaka kudancin duniya fa?

Can kaka ce ke shigowa, kuma lokaci ne mai kyau. Cape Town tana kusan 25, iskar kudu maso gabas da ke addabar ta a tsakiyar zafi ta fara lafawa, ruwan hunturu bai iso ba. Johannesburg tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,750, ƙwallo tana ƙara tafiya da kusan kashi 10 cikin 100, amma hadarin la'asar mai walƙiya bai ƙare ba, sai a buga da safe. A tsibirin Moris lokacin guguwar teku yana kai wa har Afrilu.

Me zan sa a jaka?

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kayan ruwa a shagon fili tsada gare su. Riguna marasa kauri guda uku da za ka iya cirewa ɗaya bayan ɗaya sun fi jibgegiya guda da ke hana kafaɗa juyawa. Ta jikin fata kada ta zama auduga, don auduga in ta jiƙe da gumi sanyi take riƙewa. Sai jaket da wando masu hana ruwa, waɗanda ka gwada bugu da su tun kafin ka taso.

Safar hannu ta ruwa, wadda ke ƙara kama sanda in ta jiƙe, ita ce ƙaramin abin da ya fi komai amfani, kuma ita aka fi mantawa. Hular ulu. Takalmi ƙafa biyu, don wanda ya jiƙe yau ba zai bushe kafin gobe ba. Cusa masa takarda ya kwana, kada ka ɗora shi a kan abin ɗumama ɗaki fata ta tsage. Tawul biyu, ɗaya a ɓoye cikin leda. Lema tana da amfani a Belek ko Fulorida, a Ballybunion kuwa iska ce za ta karɓe ta. Ko kudu za ka, tafi da rigar sanyi guda saboda safiya, da man kare fata daga rana, don iska mai sanyi tana ɓoye ƙunar rana har sai dare ya yi mutum ya ji a wuyansa.

Idan ba ka iya tafiyar kilomita 8 zuwa 10 a ƙafa, tambayi dokar motar fili. In ƙasa ta jiƙe ana hana ta hawa ciyawa ko a hana ta gaba ɗaya, kuma manyan filayen linkis da yawa ba sa ba da ita sai da takardar likita.

Wane sassauci doka ta yi wa mai wasa a jiƙaƙƙen fili?

Idan ƙwallo ta faɗa ruwan da ya taru na ɗan lokaci, ko ka tsaya ruwa ya fito a gefen takalminka, doka ta 16.1 ta ba ka damar ɗauka ka sake ta a wuri mafi kusa da ba ruwa, ba tara, muddin ba ka matsa kusa da rami ba. Laushin ƙasa kaɗai ko taɓo bai isa ba, sai an ga ruwa. Idan ta nutse a gurbin da ta haƙa da kanta, tun gyaran dokoki na 2019 kana da sassauci ko a cikin doguwar ciyawa ne. Dusar ƙanƙara kana iya share ta ko ka ɗauke ta a matsayin ruwa, amma raɓa, daskararriya ko ɗanya, ba a share ta daga layin bugu a girin. Ɗaga ƙwallo a goge a ajiye a feyawe kuwa sai kulob ya sanar da shi a matsayin dokar gida, don haka duba allon sanarwa. In iska ta tura ƙwallonka, daga inda ta tsaya za ka buga, sai dai in a girin ne kuma ka riga ka ɗaga ta ka mayar.

Walƙiya fa?

Nan babu ciniki. Busa ɗaya mai tsawo na jiniya yana nufin a ajiye sanda nan take. Ko ba a busa ba, doka ta 5.7 ta ba ka ikon tsayawa da kanka in ka ga haɗari. Nemi gini ko mota mai rufi, ba gindin bishiya ba, ba buɗaɗɗiyar motar fili ba, kuma jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe.

Tun yaushe zan fara yarda da hasashen yanayi?

Kwana 3 zuwa 5 kafin ranar. Abin da manhaja ke nuna maka na mako biyu ko wata guda gaba bai fi matsakaicin tarihi ba, sai dai an yi masa ado da hoton gajimare. Hukumar ƙasar da za ka ita ta fi sanin gaɓarta: Met Office a Birtaniya, Met Éireann a Ailan, IPMA a Fotugal, AEMET a Sifaniya. Kada alamar ruwa ta tsorata ka sai ka duba milimita nawa ne da kuma awa nawa. Yayyafin minti 20 da ruwan yini guda alama ɗaya ake sa musu. Da safiyar wasa taswirar rada, wato na'urar hango ruwan sama, ta fi komai, tana nuna inda ruwan yake da inda ya dosa. Abin da hasashe ya fi kasa kamawa shi ne hazon teku na gabashin Sukotlan da suke kira haar, wanda ke farawa daga Afrilu: cikin gari rana, bakin teku ba ka ganin tuta.

In yanayi ya ɓaci za a mayar mini da kuɗina?

Yawanci sai in filin ne da kansa ya rufe, kuma ko a nan sau da yawa takardar dawowa wata rana ake bayarwa, wadda ba ta da amfani ga wanda jirginsa zai tashi jibi. In fili a buɗe yake kai ne ka ƙi fita saboda ruwa, kuɗi ya tafi. Inshorar tafiya ta gama-gari ma ba ta cika biyan wannan ba sai an ƙara sashen golf. Saboda haka nemi sharuɗɗan a rubuce, sa filin da ka fi ƙwallafa rai a kansa a farkon tafiya, ka bar yini guda babu komai a ƙarshe don a samu inda za a mayar da shi. Duba kuma ranar Ista, wadda ke faɗowa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, don a makonta filaye cike suke, sauya lokaci yana wuya.

Ina da asma. Akwai abin da zan kiyaye?

Akwai biyu. A Jojiya da jihohin Karolina, daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu, bishiyoyi suna zubar da garin fure rawaya har ya rufe motoci da girin. A tsibiran Kanari da kudancin Sifaniya kuwa akwai ƙurar Sahara da suke kira kalima. A Fabrairu 2020 ta rufe filayen jiragen Kanari, a Maris 2022 ta mayar da samaniyar Almeriya da Murcia ruwan lemo. Takan yi kwana biyu zuwa uku ta wuce. Busasshiyar iska mai sanyi ta safiya ma tana tayar da ciwon ga wasu. Ga likitanka kafin tafiya, kuma abin shaƙarka ya zauna a aljihun jakar golf, ba a ɗakin otal ba.